Masaƙin da Ya Kai Gaisuwa Maiɗinya

Waɗanda suka san shi sun ce an yi wani masaƙi a Sabuwar Maiɗinya, ana kiransa Nomau, wanda in ka hango shi a hanya kana sauri, to gara ka sake lungu. Ba mugun hali gare shi ba, mutumin kirki ne. Gaisuwa ce ta yi masa yawa. Zai tambaye ka gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiyar shekaranjiya, ya gangaro kan akuyarka da ta yi ɓari bara, sa'an nan ya koma farko. Miya ta sha ƙonewa a garin nan saboda maigida ya fita sayo gishiri ya yi karo da Nomau.

Sabuwar Maiɗinya kuwa ita ce inda aka kwashe su aka zuba lokacin da aka datse kogi, ruwa ya cinye tsohon garinsu. Gidaje ne a jere layi-layi, ko bishiyar ɗinya ɗaya babu, suna kawai ya biyo su. Nomau yana saurayi aka yi tashin, yanzu gemu ya yi fari fat. A 'yan ɗakinsu saura shi da yayarsa Tabawa, wadda ta goye shi yana jariri, ta kuma riƙe shi bayan rasuwar innarsu. Tabawa ta makance, ƙafa ta ƙi, tana kwance a gidan 'yarta Marka. Kullum in ya je gaishe ta, maganarta ɗaya ce.

"Nomau, cibiyata ke ja na. Tana can bayan ɗakin Inna, a gindin ɗinya, kusa da taka. Da zan sami ƙasar wurin ko cikin tafin hannu in shaƙa, da na tafi ba ni da sauran kewa."

Sai ya ce, "Allah ya nufa, Yaya," ya fito yana share ido da hannun riga. Ya san ruwan da ke kan wurin ya fi tsayin giginya, ya kuma san kwanan yayarsa ya ƙarato. Abin yana cin ransa ƙwarai.

Ran nan da hantsi yana zaune a masaƙa, ya miƙe wadarinsa, wato dogayen zaren saƙa, har bakin zaure, can ƙarshe an ɗaure zaren da kunkuru, wato katakon nan da ake aza wa dutse don zare ya tsaya a miƙe. Sai ga wani dogon baƙo da shuɗin rawani, ya ɓoye hannuwa cikin riga. Ya yi sallama, Nomau ya amsa, ya kama aikin da ya saba. Baƙo ya amsa gaisuwa har ya gaji, sai ya zaro wani baƙin abu kamar ɗan goro ya ajiye a kan tabarma.

Nan take ƙasa ta lotsa, kamar gadon igiya in ƙaton mutum ya zauna a tsakiyarsa. Buta ta gangaro, takalma suka biyo, ƙoshiyar saƙa, ɗan katakon da ake cilla zare da shi, ta suɓuce daga hannun Nomau ta nufi wurin. Wadarin da ke miƙe sambal ya lanƙwashe. Wata kaza da ta matso kusa sai ga ta tana ɗaga baki a hankali, a hankali, kamar mai jin barci, alhali 'yan uwanta da ke nesa suna ta tsattsagar tsaba yadda suka saba.

Nomau ya ja da baya, ya ce, "A'uzubillahi! Bawan Allah, mutum ko aljan?"

Baƙo ya ce, "Aljan ne, ya kai ɗan Adam, amma ba da sharri na zo ba. Ni ne Zangarma ɗan Harshen Wuta, mai tsaron Wadarin Farko, wanda a kan saƙarsa aka shimfiɗa ƙasarku da rana da taurari. Wannan da ka gani ɓarɓashin dutsen kunkurunmu ne, na zo da shi don kada ka ce ƙarya nake. Zare ɗaya ya tsinke mana. Mu da wuta aka yi mu, duk wanda ya kama bakin zaren sai ya babbake shi. Muna neman ɗan yumɓu mai sanyin hannu wanda ya iya ƙulli. In ka ɗaura mana, roƙi abin da kake so."

Nomau bai tsaya tunani ba. Ya ce, "Ƙasar bayan ɗakin Inna nake so, ta tsohuwar Maiɗinya, cikin tafin hannu."

Aljani ya ce, "Da zinariya ka roƙa da ya fi maka sauƙi. Wadda ke ƙarƙashin ruwa ta zama laka, ba ita yayarka ke nufi ba. Amma ka sani, duk ranar da ta wuce gangarawa take yi zuwa gindin kunkurunmu. Akwai wata safiya ta Maiɗinya a can, har yanzu ba ta ƙare ba. Zan kai ka bakinta. Sharaɗina ɗaya ne: ka ɗiba ka juyo. Kada ka zauna, kada ka tsaya magana da kowa."

Ya ɗauke ɗan dutsensa, ƙasa ta koma daidai, kaza ta wartsake. Nomau ya nemi izini ya je ya sallami yayarsa. Ya zaci za ta ce ya haukace. Ina! Tsohuwar da ta daɗe ba ta iya tashi sai ga ta ta dogara da gwiwar hannu, fuskarta ta washe.

"Maiɗinya za ka? To tsaya. Ka gaishe min da Inna. Ka gaishe da Baba Maƙeri, da Gwaggo Asabe mai daddawa, da Liman, da Iya Ladingo mai kitso. Kada ka tsallake kowa, ka san mutanenmu da riƙo."

"Yaya, an ce fa kada in tsaya."

"Wa ya ce? Aljani? Shi dangi gare shi a Maiɗinya? Ka shiga garin ubanka ka fito kamar ɓarawon kaji? Haba Nomau, ba haka na rene ka ba."

Marka tana bakin murhu da goyo a baya, ba ta ɗauki zancen da gaske ba. Ta ce, "Kawu, ko ina za ka, ka dai dawo kafin azahar, na ɗora dambu."

Da ya koma masaƙa, Zangarma ya hura ƙoshiyarsa, ta kumbura ta zama kamar kwalekwale. Suka shiga, ta bi kan wadari da gudu, ta wuce bakin zaure, ta wuce kunkuru, zare bai ƙare ba. Kafin Nomau ya gyara hula, gari ya ɓace.

Sai ga su a kan wata shimfiɗa shuɗiya wadda ba ta da gabas balle yamma, ba ta da iyaka. Nomau ya leƙa ya taɓa, hannun masaƙi ya gaya masa saƙa ce, mai kyan da bai taɓa gani ba. Zangarma ya ce, "Zaren da ya tafi a tsaye shi ne wuri, wanda ya gitta shi ne lokaci. Ku kuna kiransu abu biyu, amma mayafi ɗaya ne. Ba a jan ɗaya a bar ɗaya."

Suna cikin tafiya zafi ya fara dukansu. Can sai ga wata gawurtacciyar wuta a dunƙule, tana zaune a tsakiyar wani kwari mai faɗi, wasu ƙwallaye manya da ƙanana suna ta kewaya ta. Ɗaya daga ciki shuɗiya ce da ratsin fari, aljani ya nuna ta ya ce ita ce ƙasarsu Nomau. A bakin kwarin wata tsohuwa ta tare hanya da muciya, gashinta duk tartsatsi.

Ta ce, "Ni ce Uwar Murhu, ba mai wucewa ta gefen wutata sai ya amsa mini. Ya kai mai ƙanshin ƙasa, ga 'ya'yana suna kewaya murhu tun ran da aka hura shi, ba su gudu ba, ba su faɗa ba. Me ya riƙe su? In ka faɗi daidai ka wuce, in ka kuskure ka zama itace."

Nomau ya zura ido yana neman igiya, don shi a saninsa abin da ke kewaya turke ɗaure yake. Bai ga igiya ba, bai ga sarƙa ba. Har ya buɗe baki zai ce iska ce, sai wani abu na yarinta ya faɗo masa. In ɗinya ta nuna a bayan ɗakin Inna, shi da Tabawa da 'yan maƙwabta sukan kama bakin tsohon zane su ɗage shi a ƙarƙashin bishiya, wani ya hau ya girgiza. Tabawa ce ke sa dutse a tsakiyar zanen, don 'ya'yan ɗinya su taru wuri ɗaya. Shi kuwa don wasa yakan wurga ɗinya ta gefe, ta yi ta zagaya dutsen kafin ta kwanta, Tabawa tana yi masa faɗa.

Ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, ba abin da ya riƙe su. Nauyin wutarki ne ya lotsa mayafin. Su a ganinsu miƙewa suke yi, hanyar ce ta lanƙwashe a ƙarƙashinsu. Gudunsu ya hana su gangarowa, gangaren ya hana su tserewa."

Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya har tartsatsi ya tashi. Ta ce, "Wa ya koya maka?"

"Yayata ce, da zanen Inna."

"To ka gaishe ta. Ka kuma ƙara da wannan: ko hasken wutata, in ya bi ta bakin kwari sai ya karkata. Ku wuce ta gefe da gudu, kada ku yi gardama da gangare."

Ƙoshiya ta kwanta a gefen kwarin, ta zagaya rabinsa da gudun da ya sa hular Nomau ta tafi, har yau ba a gan ta ba. Gefen gemunsa ya ɗan babbake, sa'an nan gangaren ya cilla su gaba.

Suka yi ta tafiya, suna wuce kwari bayan kwari, kowane da nasa nauyin a tsakiya, har suka iso inda zare ya tsinke. Wata ɓaraka ce a jikin mayafin, in ka leƙa ba ka ganin komai, ko duhu babu. A bakinta wata tauraruwa ta tsaya cik kamar jaki a bakin gada, ta kasa gaba ta kasa baya. Aljannu sun kewaye wurin sun yi jugum, kowa ya naɗe hannu a baya.

Aka ɗaura wa Nomau zare a ƙugu, aka ɗaure ɗaya bakin a jikin ƙoshiya. Ya yi bisimilla, ya kwanta rubda ciki, ya zura rabin jikinsa cikin ɓarakar. Hannunsa na dama da ya shiga sai ya ji kamar bai taɓa yin hannu ba. Ya lalubo bakin zare ɗaya, ya lalubo ɗayan, suka suɓuce. Ya sake kamowa, suka sake suɓucewa, ga jikinsa yana zamewa ciki. Sai ya yi abin da kowane masaƙi ke yi ba tare da tunani ba, ya lashi yatsu, ya murza bakin zaren biyu da yawu, ya ƙulla. Mayafi ya yi wata ƙara kamar an taɓa tsirkiyar goge, tauraruwa ta wuce abinta, aljannu suka ɗauki kabbara.

Zangarma ya ce, "Ka cika naka, saura nawa."

Daga nan hanya ta fara gangara, tana ƙara tsanani. Can ƙasa Nomau ya hango dutsen kunkurun, baƙi ƙirin, ya fi duk wani tsauni da ya taɓa ji, hasken da ya nufe shi ba ya dawowa. A jikin gangaren kuwa ga ranakun da suka wuce birjik, kowace da ranarta da inuwarta. Aljani ya tsayar da ƙoshiya, ya nuna masa ɗaya.

"Ga safiyarku can. Ba lahira ba ce, saninta sai Allah, saƙa ce da aka riga aka gama. Wanda zarensa bai ƙare ba ba za ka same shi a ciki ba. Ka tuna kazar gidanka, ya kai ɗan Adam. Nauyin nan ya ja zaren lokaci ya miƙe shi, abin da kake ji ɗan jim ne a can, a gidanku watanni ne. Kada ka wuce bishiyar ɗinya, bayanta ba a dawowa. Ɗebi ka juyo."

Nomau ya ce ya ji. Ya kama zaren ƙugunsa ya sulala.

Ƙafarsa ta sauka a kan yashin bakin gari. Ƙanshin hayaƙin kara ya fara tarar sa, sa'an nan daddawa, sa'an nan ƙasar da raɓa ta jiƙa. Ga kukar bakin kasuwa da rassanta, ga rijiyar masallaci da guga a rataye, ga luguden mata yana tashi daga kowane gida. Ya sunkuyar da kai, ya ƙudura zai bi ta bayan gari ya ɗebi ƙasa ya fita.

Bai yi nisa ba ya ji an ce, "Sannu da zuwa, baƙo!"

Baba Maƙeri ne a bakin maƙera, da guduma a hannu, da haƙorinsa ɗaya na gaba da ya karye. Mutumin da ya ƙera wa Nomau 'yar fartanyarsa ta fari. To ku gaya mini, dattijo ya yi maka sannu a garin ubanka, ga kuma saƙon yayarka a bakinka, da wace ƙafar za ka wuce? Nomau ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina kwana? Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya iyali? Tabawa na gaishe ka."

Maƙeri ya ce, "Tabawar gidan Yalwa? Ai yanzun nan ta wuce rafi da tulu, da ƙaninta a baya. Ina amsawa. Yarinyar nan akwai hankali. Baƙo, daga ina?"

Bai gane shi ba, ina zai gane jariri a cikin farin gemu? Nomau ya tashi yana cewa a ransa wannan ce ta fari kuma ta ƙarshe. Sai dai gidan Gwaggo Asabe yana jikin maƙera, ta kuma ji muryarsa, in ya wuce ta za ta riƙe shi a zuci. Daga nan Liman yana zaune a kan buzu a ƙofar masallaci. Daga nan Iya Ladingo ta leƙo da tsinken kitso a ka. Kowa sai an tambayi kwanansa, da jikinsa, da gonarsa, kowa kuma sai ya tambayi nasa. Har waɗanda Tabawa ba ta ambata ba ya bi su, don ai ta ce kada a tsallake kowa.

Gaskiyar magana, ba amanar saƙo kaɗai ta riƙe shi ba. Daɗi yake ji, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka loda kayansu a mota. Ya san abin da kowace gaisuwa ke ci, yana tuna kazar nan, amma in ya ga wata fuskar sai ƙafarsa ta tsaya da kanta.

A haka ya iso ƙofar gidansu, gidan Yalwa. Ya yi sallama. Wata mace ta ajiye taɓarya ta juyo, sai ya ga Inna, yarinya ɗanya, ko shekarun Marka ba ta kai ba, da 'yar tsagarta a kumatu. Ta gyara mayafi ta ce, "Maraba, Baba. Maigidan yana gona. Ga tabarma."

An ce kada ya zauna. Ya zauna. Ta kawo ruwa a ƙwarya, ta dama fura ta ajiye masa da ludayin nan mai tsage a baki, wanda aka ɗinke da zare. Ya sha, hawaye na zuba cikin ƙwaryar.

Ta ce, "Baba, lafiya? Ko yaji ya yi yawa?"

"Lafiya lau. Furar ce ta tuna mini da ta gidanmu. Na gamu da 'yarki Tabawa, ta ce in gaishe ki."

Inna ta riƙe haɓa ta yi dariya. "Ji iyayi! Daga rafi har da aiko gaisuwa? Ina amsawa. In ka sake ganinta ka ce ta yi sauri ta dawo, ruwa ya ƙare a randa, na kuma ƙosa in ga ɗana."

Ya ce zai faɗa. Sa'an nan ya roƙi ƙasar bayan ɗaki, cikin tafin hannu. Ta dube shi da mamaki, ta ce, "Ta magani ce?"

"Ta magani ce."

"To ɗiba, amma kada ka tona da zurfi, cibiyar 'ya'yana na wurin."

Ya zagaya. Ga ɗinya ta yi lif, 'ya'ya sun nuna baƙi, ga tsohon zanen a shanye a kan danga. Daga bayan bishiyar kuwa ba komai sai gangare da baƙin dutse. Ya ɗebi ƙasa ya ƙulle a bakin rigarsa. Ransa ya ce masa ya koma tabarma ko na ɗan jim ne, ya ƙara kallon Inna. Sai ya ji an fizgi ƙugunsa da ƙarfi, ya kuma ji ƙaurin zare.

Zangarma ne ya gaji da jira, ya kama zaren da hannunsa na wuta yana ja. Nomau ya ɗaga kai ya ga jan wuta yana bin zaren yana saukowa. Ya kama hawa, hannu da ƙafa, gangare yana mayar da shi, jikinsa ya yi nauyi kamar an aza masa buhun gero. Ko sallama bai yi wa Inna ba, wannan kuwa ya tsaya masa a rai har ƙarshen kwanansa. Zare ya tsinke daidai lokacin da yatsunsa suka kama bakin ƙoshiya.

Aljani ya dube shi, idanu jawur. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, na tsaya a nan ina kallon ƙasarku tana kewaya murhu har na daina lissafi. Me ka tsaya yi?"

Nomau ya ce, "Gaisuwa."

Zangarma ya juya ƙoshiya. Bai tsaya ba har ya sauke shi a ƙofar masaƙa, ya mayar masa da ƙoshiyarsa 'yar ƙarama, ya ɓace.

Rana tana tsaka, kamar azahar ta yi. Amma rumfar masaƙa ta rushe, gara ta cinye katakon kunkuru, dutsen kaɗai ya rage cikin ciyawa. Wani ɗan dashen darbejiya da ya bari ana kare shi da ƙaya ya zama bishiya, har ana ɗaure shanu a inuwarsa. Nomau ya dafe ƙullin rigarsa ya nufi gidan Marka, a ranar dai bai gaishe da kowa a hanya ba.

Wata doguwar budurwa ta amsa sallamarsa, ta ce, "Wa za a ce?" Kafin ya ba da amsa sai ga Marka ta fito, furfura ta keto mata a goshi. Kwanon da ke hannunta ya faɗi.

"Kawu?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Kawu, ai dambun ya huce."

Ya kalli ƙofar ɗakin Tabawa. An cire labulen, an jingina taɓare a ciki. Bai tambaya ba, Marka ce ta faɗa masa Tabawa ta rasu. Ta ce tsohuwar ta yi ta jira, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, mutane suka ce a yi masa sadaka ya mutu, ita kuwa ta hana. Kullum cewa take, "Ku rabu da shi, gaisuwa yake yi, ni na aike shi." Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai duk motsin da ta ji a zaure takan ɗaga kai.

Nomau ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na yara. Baƙin cikinsa shi ne ga ƙasa ya kawo, babu mai shaƙa.

Marka ta bar shi sai da ya lafa. Sa'an nan ta shiga ɗakin, ta share, ta shimfiɗa tabarma daidai inda gadon uwarta yake a da, ta zauna. Ta ce, "Ta bar wasiyya, Kawu. Ta ce in ka dawo kada a bar ka da saƙo a baki. Ta ce in zauna a wurinta in karɓa mata."

Nomau ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba kowace safiya.

"Yaya, na dawo. Baba Maƙeri na gaishe ki."

Marka ta ce, "Tana amsawa."

"Gwaggo Asabe na gaishe ki. Ta ce har yanzu ba ki mayar mata da faifanta ba."

"Tana amsawa."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Liman, da Iya Ladingo, da waɗanda aka aike shi da waɗanda ba a aike shi ba, har da Uwar Murhu, bai tsallake kowa ba. Budurwar nan, goyon da ya bari a bayan Marka, tana tsaye tana jin sunayen mutanen da ba ta taɓa sani ba. Sa'an nan ya zo kan na ƙarshe.

"Inna ta ce tana amsawa. Ta ce ki yi sauri ki koma, ruwa ya ƙare a randa."

Marka ta rufe fuska da mayafi. Can ta ce, "Ai ta tafi, Kawu."

Bayan la'asar wani dattijon unguwa ya raka shi maƙabarta ya nuna masa wurin. Nomau ya tsuguna ya yi addu'a, ya kwance bakin rigarsa. Ƙasar tana nan da danshin raɓa, da ɗinya guda da ta shiga ciki bai sani ba. Ya kai ta hanci ya shaƙa mata, sa'an nan ya zuba a wajen kai, ya tura ɗinyar cikin ƙasa da yatsa. Dattijon ya gyara tsayuwa, don ya san halin mutumin, ya zaci za a kai magariba. Amma Nomau bai ce komai ba sai, "Ga shi, Yaya. Sai na zo." Ya kakkaɓe hannu ya tashi, ya tafi neman ruwan da zai zuba wa shukar.